Kada A Binne Ni Sai An Kwance Birkin Sarpong

Ni, Kwabena Amoateng, makaniki a unguwar Suame shekara arba'in da shida, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya gajarta, amma kai lafiyarsa lau. Kada wani ya tashi bayana ya ce ciwo ne ya yi magana. Zuwa ga ɗana Ofori, da 'yata Konadu, da Agyei ɗan ƙanwata.

Wata huɗu ke nan da na ji wata magana, ban yarda ba. Wai ranar da Sarpong direba ya kawo motarsa gyaran birki, Ofori ya zo mayar da ƙarfen da ke riƙe kan birkin gaba, ya sa noti a karkace, ya bi shi da injin iska mai ɗaure noti har haƙoran ramin suka cinye. Wai da ya ga notin na juyawa ba ya kamawa, maimakon ya sauya ƙarfen, sai ya ɗiga walda a kai, ya shafe da baƙin giris, ya mayar da taya. Motar da ke sauko da mata goma sha huɗu da kwandunansu daga gangaren Mampong kowace Talata.

Agyei ne ya fara faɗa mini. Na ce masa ai na gane, ya ga kawu ya kwanta, yana so ya ɓata ɗana don ya gaji garejin, tunda al'adarmu ɗan 'yar'uwa take ba gado. Na kore shi gaban jama'a, ya fita da rigar aikinsa kaɗai. Mai walda na layin baya ya maimaita mini, na ce giya ce. Na tambayi Ofori, ya yi dariya ya ce, “Baba, zamanin juya noti da yatsa ai ya wuce.” Wannan ba amsa ba ce, amma na karɓa, don ita nake son ji.

Yanzu na tabbata. Sau biyu ina kiran Sarpong, yana cewa birki na kamawa, tsoho ya kwantar da hankalinsa. Ofori kuma kullum sai ya ce zai duba ta mako mai zuwa. To, ga abin da na yanke.

Na ɗaya. Idan na cika alhali motar nan ba ta shigo gareji ba, ku bar ni a ɗakin sanyi na asibiti. Kada a yanka baƙin yadi, kada a buga hotona a manna a bango, kada a kira makaɗa. Na san mutanenmu, za su iya haƙura da komai ban da jana'izar da aka jinkirta ba dalili. Duk wanda ya tambaya, ku faɗa masa dalilin. Ni ba na sauri, sanyi ba zai dame ni ba.

Na biyu. Ofori, da bakinka za ka gaya wa Sarpong abin da ka yi, da hannunka kuma za ka gyara, Agyei na tsaye a kanka. A yanke waldar, a jefar da ƙarfen nan da notinsa. Ban yarda a sake yanka masa haƙora ba, ban yarda a cusa noti mafi kauri ba. A sa wani lafiyayye. A duba ɗaya ɓangaren ma, don ban ƙara amincewa da aikin ranar ba. Tun kana ɗan shekara tara na koya maka: juyi uku da yatsa kafin sifana ta taɓa noti. In ya ƙi shiga da yatsa, gaya maka yake ya karkace. Kuskuren ban riƙe shi ba, ni ma na cinye haƙora a ƙuruciya, maigidana ya sa na taka har kasuwar Kejetia da ƙafa na nemo wani. Giris ɗin da ka shafa ne ya hana ni barci. Wanda ya shafa giris ya san abin da yake rufewa.

Na uku. Gareji da akwatin kayan aikina na Agyei ne. Ba al'ada ta ba shi ba, ni na ba shi, don ya faɗi gaskiya ya rasa abincinsa. Ofori ya yi shekara ɗaya a ƙarƙashinsa. In ya cika ta, su raba rumfar garejin biyu. Injin iska kuwa Konadu ta kulle shi a ɗakinta har shekarar ta cika.

Na huɗu. Konadu, gidana na Tafo naki ne da ɗan'uwanki, kada a sayar. Ki ɗauki tunkiya da kwalbar giya, ki nemi dattijo ya raka ki wurin gwaggonki, uwar Agyei, ku ba ta haƙuri a madadina. Na kira ɗanta maci amana a bainar jama'a, ƙafafuna kuma ba za su kai ni ƙofarta ba.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku. Ku ci fufu a kwano ɗaya ranar Lahadi ko da ba ku magana da juna. Wata rana wani zai ce a miƙo masa miya.

Ofori, na san za ka bi gida gida kana neman wanda ya sa na yarda a ƙarshe. Huta. Ta zo nan da rana tsaka, ta durƙusa bakin gadona, ta ce ka faɗa mata da kanka kana dariya, kuma uwarta na zama kujerar gaba a motar nan kowace Talata. Na ce zan ɓoye sunanta, ta ce a'a, in rubuta. Wanda ya ɗaga mata murya ya fita daga wasiyyar nan. Matarka ce, Pokuaa.