Layin Da Na Ba Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Na ji an ce kumburin ya sauka, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Mu nan lafiya lau, ni da Auta. Ta fara shiga aji, har kumatu ta yi. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wadda intanet ke bin ta har banɗaki. Ai halinki na sani: duk saƙon muryar da na turo a tsakar gida kike kunna shi, ki ƙure ƙara, har maƙwabta su sa baki. Wannan magana kuwa ta kunnenki ce ke kaɗai, shi ya sa na ba wata abokiyar aikina da za ta zo gida ta kawo miki hannu da hannu.

Yaya, ban taɓa ba ki labarin wuyar da na sha kafin in mallaki layin waya a garin nan ba. Da na je shagon waya, suka ce sai na kawo katin banki. Na je banki, suka ce sai da lambar waya da shaidar inda nake kwana. Mai gidan haya kuma ya ce ba ya ba da ɗaki ga wanda ba shi da banki. Haka na yi ta zagaye da takardu a jaka, kullum bayan na tashi daga asibiti, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Da aka samu layin, sai aka koma rigimar intanet. Mai haɗawa ba ya zuwa sai lokacin da nake bakin aiki, in dawo in tarar ya maƙala min 'yar takarda a ƙofa. Kafin a sa min akwatin nan mai ƙyafta fitila, a bakin wani shagon burodi nake tsayawa ina satar intanet ɗinsu don in kira gida, har mai shagon ya gane ni, ya fara miƙo min kujera. Duk wannan ban faɗa wa kowa ba, kullum cewa nake komai lafiya.

Ita kuwa Auta, 'yar gatan Allah, ta sauka ta tarar da komai a shimfiɗe. Wuta a kunne, ruwan zafi na zuwa, katin bas na sayo na ajiye mata a kan matashi. Ko takalmi ba ta cire ba ta tambaye ni lambar sirrin intanet, da na ba ta har tana cewa ai bai kai na makarantarsu ta gida sauri ba. Na haɗiye, na ce yarinya ce. To ga inda na yi wa kaina. Kin tuna lokacin kina asibiti wajen haihuwa, babu mai saka wa Inna sabuwar lamba a waya, ita kuma ba karatu take yi ba, sunan farko da kika jera mata shi kaɗai ta iya dannawa, wato nawa. Na san ba za ta runtsa ba sai ta ji muryar autarta. Sai na zare layina da hannuna na sa a wayar Auta, ni kuma na je na yanki sabo. Na ce na 'yan kwanaki ne, kafin ki dawo gida.

Ashe na yi sallama da shi ke nan. Kafin in ankara Auta ta buɗe banki da shi, ta ba makaranta, ta ba likita, duk wata lambar sirri nan ake turo mata. Da na yi maganar mu musanya, ta zaro ido ta ce sai dai a rushe komai a sake daga farko, kuma gaskiyarta ce, na je na tambaya. Shi ke nan layin da na yi wa gumi ya zama nata. Wannan bai dame ni ba, wallahi, layi ai layi ne. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, tun ranar Inna ba ta nemi sabuwar lambata ba. Kullum da safe wayar Auta sai ta yi ƙara, ina kicin ina haɗa shayi ina jin dariyarsu ta bango. Su yi hira har ruwan ya huce. In an gama Auta ta leƙo ta ce wai Inna tana gaishe ni. Wai! Ni da na yi shekaru ina ɗaga wannan kiran, yau ni ake aiko wa gaisuwa ta bakin yarinyar da na goya.

Da farko na ce ai ba komai, ni ma in na so sai in kira ta wayarki. Sai ranar hutuna da ta wuce. Auta tana wanka, ta bar wayar a kan teburin kicin, ga kiran Inna ya shigo. Na ɗaga, na yi sallama. Kin san muryarmu ɗaya ni da Auta, ke kanki kin sha ruɗewa. Kafin in ce ni ce, Inna ta fara magana da wata murya da ban taɓa ji ba, mai laushi, a hankali, kamar tana lallashin jariri. Ta tambaya ko an karya, ko an sa rigar sanyi, ko ciwon kan jiya ya tafi. Ta ce ta yi mafarkinta, ta ce ɗakin ya yi mata faɗi tun da ta tafi. Yaya, ni duk shekarun nan in Inna ta kira, magani ne ya ƙare, ko rufin ɗaki na yoyo, ko 'yar wane za ta yi aure a san abin yi. Ban taɓa jin haushi ba, na ɗauka haka take magana a waya da kowa. Sai na kasa cewa ni ce. Na tsaya riƙe da cokali, na amsa mata a matsayin Auta, na ce na karya, na sa rigar, kan ma ya daina.

Da ma a nan na tsaya. Amma shaiɗan ya zuga ni, na ce mata ga Yaya can a ɗaki, ina nufin ni kaina, ko in kai mata wayar. Inna ta yi dariya ta ce a bar ni in huta, ai ni ƙarfe ce, ba a jin kaina, tun ina ƙarama ba na buƙatar a tambaye ni. Na san yabo take yi. Na sani sarai. Amma na ajiye wayar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da banki suka kore ni ana ruwa.

Kishi nake yi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kishin ƙanwata nake yi, ina mace da furfura ta fara leƙo min. Har ya fara sa ni abin kunya. Shekaranjiya suna cikin kiran bidiyo na bi ta bayan kujera na zare wayar akwatin intanet, na ce ƙila kamfanin ne suka ɗauke. Yarinyar nan ta yarda, har ta zo tana ba ni haƙuri wai kada in damu zai dawo. Ba ta da laifin komai, ita take wanke min kayan aiki, ta jira ni mu ci abinci tare. Amma da wayarta ta yi ƙara sai in fara yi mata faɗa a kan kofin da ba ta ɗauraye ba. Ina tsoron in abin nan ya ci gaba zan ɓata tsakanina da ita, mu biyu kaɗai a ƙasar mutane.

Ki gaishe min da maigidanki, da Kawu da Goggo, da Baffa mai gyaran keke. Ki shafa min kan jaririn, ki ce wa Sarkin Surutu ban manta da agogonsa ba. Ki gaida Inna, amma don girman Allah kada ki nuna mata kin san wannan magana, ko a fuska.

Abu ɗaya nake roƙo. Na rubuta sabuwar lambata a bayan takardar nan. Kada ki saka mata a waya, kada ki tuna mata, ki bari sai ta tambaya da bakinta. Ranar da ta tambaya ki sanar da ni. In kuwa kin ga wata ya shige ba ta tambaya ba, ki saka mata kawai, ki danna ki miƙa mata, sannan ki ce min ita ce ta nema. Zan yarda.

Ƙanwarki,
ta tsakiyarku