Kifin Fa'iza Ba Tumatir Ba Ne

Yaya Hambali,

Na so in faɗa maka baki da baki, sai na tarar ka tafi gona, ni kuma motar tumatir ba za ta jira ni ba.

Da safe na leƙa kwalbar jan kifin adon nan na ƙanwarmu Fa'iza, na ga wutsiyarsa ta zagwanye kamar tsohon buhu. Inna ta ce kwana uku kana zuba masa ruwan kanal ɗin noman rani, wai ya fi na rijiya albarka. Da ka ga yana ruɓewa kuma, har ka dama maganin feshin tumatir za ka ɗiga masa, ita ta hana ka. Sannu, malamin gona! Ni da na gudu daga aji biyu ban yi wannan ba.

Na kai shi wurin Mark mai kiwon tarwaɗa a Kura. Da ya ji labari sai ya ce, "Yayan naka mai diflomar? Allah ya kyauta."

Na dawo da kifin gida, ga abin da Mark ya ce a yi. Kullum ka kwashe rabin ruwan, ka cika da na rijiya, a bokitin da bai taɓa ganin magani ba, ka sa ɗan gishiri kaɗan. Kada ka ƙara komai daga iliminka.

Jibi Fa'iza za ta dawo daga Madobi. Idan ya mutu, kai za ka tare ta a zaure ka yi mata bayani. Ni ina hanyar Legas.

Ƙaninka,
Tasi'u