Bishiyar Cibiyarki Ta Koma Tsakar Gida

Jakmel, 9 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Jislen,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wasiƙar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya sa sanyin Montreal bai tsotse ku ba. Mu nan sai godiya. Ranar sabuwar shekara mun sha miyar kabewa har Goggo Filomen ta kasa tashi daga kujera, tana cewa laifin gwiwa ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Baba ya gama zanen da ya shafe wata biyar yana ɓoye mana. Tsakar gidanmu ya zana a kan falanki, da bishiyoyin da aka binne cibiyar kowannenmu, mu 'ya'yansa huɗu, a gindinsu. Da ya ce ranar Lahadi zai yaye zanin da ya rufe shi, wallahi nan take na tuna da ke. Ban manta ranar tafiyarki ba, da kika ce masa zanensa wasan yara ne na ruɗin baƙi, shi kuma washegari ya ɗauki adda ya sare bishiyar fiyar da aka binne cibiyarki a gindinta. Shekara shida ke nan bai ambaci sunanki ba. Na ce a raina, in ya zana bishiya uku maimakon huɗu, to ya cire ki ke nan har abada.

Jislen, da ya yaye, ban kalli komai ba sai da na ƙirga. Mangwarona, da na 'yan'uwanmu, kwakwar Wilne da lemon Dyesel, ga fiyarki a tsakiya ta fi rufin kwano tsawo, 'ya'yanta manya kamar tulu. Sannan na ga sauran: sararin sama ja, kaji shuɗɗa, marigayiya Mama tana tsallake tsauni da kwando a ka, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Shekara arba'in ina share ɗigon fentin mutumin nan, ban taɓa tsayawa na dubi aikinsa ba sai ranar. Na ji kunya, na yi kuka.

Goggo ta tsokane shi, wai tsoho ya ruɗe, fiyar da ya sare da hannunsa ce ya mayar. Ya ce ta yi masa shiru, bakinta ya fi kasuwar Asabar hayaniya, hannun da ya sare ai shi ke da ikon dasawa. Ya ƙara da cewa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma a zanen kowa yana zaune a gindin bishiyarsa, ke kaɗai ce babu, ya bar wurin fari fat. Da na tambaya, ya juya baya yana wanke buroshi, ya ce ba ya zana fuska daga hoton waya, mai wurin ta zo ta zauna. Idonsa na raguwa, ƙanwata, kada ki bari bikin Ista ya wuce ba ki zo ba.

Ki gaida maigidanki Renol da yara, Wilne da Dyesel da Goggo suna gaishe ki.

Taki yayarki,
Klodet