Ranar da Ƙafafuna Suka Tafi Yawo

Daren Talata, a gadon asibiti

Ni Babban Likita, shugaban masu fiɗa na ƙasar Ɗanbatta, yau na yi wa wani matsoraci aikin basir. An yi masa allura a gadon baya, haɗe da maganin kashe zafi mai ƙarfi. Idonsa biyu aka gama, bai ji komai ba sai ƙaiƙayin hanci.

Da aka fito da shi ya taɓa cinyarsa, ya ji kamar ta maƙwabci. Sai ihu: "Inna, ƙafafuna sun shanye! Wa zai cire mana gyaɗa?"

Inna ko gezau. "Haka ka ce bara ranar gayyar kawunka, da yamma aka gan ka a filin ƙwallo."

Nas ta ce zuwa la'asar za su dawo. Ya tsura wa babban yatsansa ido, yana karanto duk surar da ya haddace. Ana kiran salla yatsan ya motsa. Wallahi ya motsa!

Wane Babban Likita! Ni ne Sale, matsoracin, nake rubutawa a kishingiɗe, don zama ya gagara. Gonar kawu kuwa, bana ni zan riga kowa zuwa.