Sallar Baba a Zaune

Mai Wurno, 4 ga Rajab 1388

Ƙanena Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ga abin da ya hana ni sukuni. Kwana tara Baba ya yi yana salla a zaune. Na tambaye shi inda ke masa ciwo, ya ce babu ko'ina, gumi ne kawai da haki idan ya je buɗe wa hawasha, gonarmu ta noman rani, ruwa. Sai na ce masa shari'a ta yi rangwame ga mara lafiya ne, ban da mai jin kasala. Tun ranar yake tsayuwa, yana dafa bango. Abin da na karanta na faɗa, amma raina ya ƙi kwanciya. Ranar Asabar zai shigo Sinnar kasuwa. Ka dube shi da kyau.

Wassalam,
yayarka Huseina

Sinnar, 13 ga Rajab

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Ban bar shi ya dawo ba, na kai shi asibitin Madani aka yi masa awon zuciya. Hakim, wato likita, ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun tsuke. Ciwon sukarin nan ne ya kashe masa jin zafi, ga shekaru, ga hawan jini, ga tabar da ba ta barin leɓensa. Wai irin wannan cuta takan kayar da mutum bai ce wash ba. An hana shi galma. Gobe zai taso da magunguna. Ki sassauta masa, don Allah.

Naki,
Mahadi

Mai Wurno, 17 ga Rajab

Mahadi,

Bayan sallama. Ya iso, yana shan magani, amma ya ƙi yin salla a zaune. Ya ce 'yarsa ta gaya masa gaskiya, ba zai gamu da Ubangijinsa da kasala ba. Duk ruku'in da ya yi, ido nake zuba masa har ya ɗago. Ina ta tambayar kaina: Allah na kiyaye wa haddi ranar nan, ko karatuna na nuna? Idan ya faɗi a kan buzun nan, harshena ne.

Ka yi mini addu'a.
Huseina

Mai Wurno, 19 ga Rajab

Mahadi,

Salam. Jiya na durƙusa gabansa a gaban maƙwabta, na ce na yi kuskure. Ya dube ni ya ce, "A'a, Malama ma tana janye fatawa?" La'asar ya yi ta a zaune.

Galmarsa dai ban gan ta a zaure ba tun safe, ina jin ya koma gona. Ka zo.

Huseina