Katin Zaɓen Mama

Ƙanwata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin Turai, yaya maigida da yara? Mu a Samaru lafiya lau.

Wasu samari sun zo taron zumuntar mata a coci, wai ƙungiyar ƙasar waje za ta raba wa gwauraye irin su Mama shinkafa, amma sai an ba su katin zaɓe su riƙe. Duk karance-karancena, ban taɓa jin Baturen da tausayinsa ke jiran zaɓe ba. Na ɓoye katin Mama, yanzu ba ta amsa gaisuwata. Ki kira ta. Ke da ke can, maganarki take ji.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a, musamman ni, don a gidanta nake cin tuwo.

Yayanki,
Bulus