Ranar da Kawu Ya Nemi Aron Safata

Laraba da dare, tsakiyar sanyi

Da safe na tarar tururi na tashi bisa tafki, ruwan kamar ƙanƙara. Na sa tsohuwar safar hannun da yayana ke kabu-kabu da ita. Kawu Sale, da ya koya mini kamun kifi, ya ce, "Ango, kifi za ka kama ko biki za ka?" Bara ƙayar tarwada ta shige mini tafin hannu, yatsu sun sandare ban ma ji ba, sai da na yi sati uku ban taɓa ƙugiya ba.

Da hantsi wata ƙatuwar tarwada ta ci ƙugiyarsa. Ya jawo ta bakin ruwa, sau biyu yana kai hannu tana sulɓewa, zaren na shirin tsinkewa. Na jiƙa safar, na goga mata rairayi, na damƙe tarwadar ta bayan ƙayoyi. Ta yi ta bugu, ban saki ba.

Kawu ya hura yatsunsa, ya ce, "Ɗana, gobe ara mini ko ta hagu ce."

Kuma ba ni kaɗai na ji ba. Ilu mai jaki yana wurin, da Hajo mai suyar kifi, wadda ba ta iya riƙe magana.